Tarihin Dashen Linux Da Masu Riƙonta

Duk wanda ya riƙe wayar hannu irin mai Android, to, ya riƙe wata aba da ake kira Linux, ko da bai taɓa jin sunanta ba. Haka kuma manyan kwamfutoci 500 waɗanda suka fi sauri a duniya, tun daga watan Nuwamba na 2017, dukansu da ita suke aiki. Abin mamaki shi ne, saurayin da ya fara rubuta ta cikin 1991, shi da kansa ya ce ba za ta iya aiki a kan wata na'ura ba sai irin tasa. To, yaya aka yi ta fita daga ɗakinsa har ta game duniya? Aikin waɗansu mutane ne masu haƙuri, kuma labarinsu ya isa a ji.

Kafin mu shiga labarin, sai mu san abu biyu. Na fari, kwamfuta ƙarfe ce da waya, ba ta yin kome sai an rubuta mata umurni. Wannan rubutaccen umurni shi ake kira manhaja. A cikin manhajoji kuwa akwai babba guda, wadda aikinta ya yi kama da na sarkin kasuwa. Ita ke raba wuri, ita ke faɗin wanda zai shiga yanzu da wanda zai jira, ita ke hana wani ya taɓa kayan wani. Linux irin wannan babbar manhaja ce.

Na biyu, kowace kwamfuta tana da ƙwaƙwalwa, ɗan ƙanƙanen abu da bai fi kan sarki girma ba, kuma kowane iri da harshensa. Ƙwaƙwalwar da kamfanin Intel ya ƙera ba ta jin harshen ta Motorola, ta Motorola kuma ba ta jin na ARM. Saboda haka in ana so manhajar da aka rubuta domin wannan ta yi aiki a kan waccan, sai an ciro ta an gyara mata zama. Wannan aiki shi za mu kira dashe, kamar yadda manomi kan cire irin albasa daga kwamin reno ya kai shi fadama.

Asalin dashe

Cikin 1969 waɗansu masana biyu, Ken Thompson da Dennis Ritchie, suna aiki a ɗakin bincike na Bell, a jihar New Jersey ta Amurka. Suka rubuta wata babbar manhaja, aka sa mata suna Unix, a kan wata tsohuwar na'ura mai suna PDP-7. Da harshen na'urar kanta suka rubuta. Ba a daɗe ba suka sami sabuwa, PDP-11, sai ga shi dole su sake rubutun tun daga farko, domin sabuwar ba ta jin maganar tsohuwar.

Wannan wahala ta sa Ritchie ya shirya wani harshe na rubuta umurni, wanda ake kira C. Mutum na iya karanta shi, ba kuwa ya dogara ga wata na'ura guda. Sa'an nan aka yi wata manhaja mai aikin tafinta, wadda kan juya abin da aka rubuta da C zuwa harshen na'ura. Cikin 1973 aka sake rubuta Unix da C. Ka ga daga nan aiki ya ragu, gama in sabuwar na'ura ta zo, sai a koya wa tafinta harshenta, mafi yawan rubutun kuwa ya zauna yadda yake.

Wanda ya fara gwada wannan a fili shi ne Richard Miller, a jami'ar Wollongong ta ƙasar Ostareliya, cikin 1977. Jami'ar ba ta da PDP-11, wata iri gare su mai suna Interdata. Sai ya riƙa zuwa birnin Sidni inda akwai PDP-11, ya juya rubutun can, ya komo da shi ya gwada, in ya ƙi ya sake komawa. Da haka har Unix ta tashi a kan Interdata. Mutanen Bell su ma suka yi irin wannan dashe a wajensu. Abin da aka koya a nan shi ne, a ware ɗan abin da ya shafi jikin na'ura wuri guda, kada a bar shi ya cuɗanya da sauran rubutu.

Manhaja mai 'yanci

Amma fa Unix tana da mai ita, watau kamfanin tarho na AT&T. Da fari ya riƙa ba jami'o'i asalin rubutun suna karantawa. Da aka fitar da bugu na bakwai cikin 1979, sai sharaɗin ya hana a koyar da rubutun a aji. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Malamai da ɗalibai suka ga lalle abin da suke wahala a kai ba nasu ba ne.

Cikin watan Satumba na 1983, wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya yi shelar zai rubuta wata mai kama da Unix, sunanta GNU, wadda kowa ke da iko ya yi aiki da ita, ya karanta asalin rubutunta, ya gyara, ya kuma rarraba wa jama'a. Wannan shi ake nufi da manhaja mai 'yanci. Ba a hana sayar da ita ba, abin da aka hana shi ne ɓoye rubutun. Cikin 1989 ya fitar da takardar sharaɗi mai suna GPL, wadda ta ce duk wanda ya gyara ya ba wani, to, dole ya haɗa masa da asalin rubutun gyaran. Shi da abokansa suka gama tafinta da sauran kayan aiki da yawa. Saura zuciyar manhajar, watau sashen da ke magana da ƙarfen kansa. Sun soma tasu cikin 1990, sunanta Hurd, amma aikin ya yi ta jan ƙafa.

Ana cikin haka, sai wani ɗalibi a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, mai shekara 21, ya sayi kwamfuta bashi yana biya kaɗan kaɗan. Ƙwaƙwalwarta Intel 386 ce. Ya zauna ya rubuta zuciya tasa don nishaɗi. Ran 25 ga Agusta 1991 ya sanar da jama'a, ya ce abin wasa ne, ba zai yi girma kamar GNU ba, kuma ba ya dasuwa, domin ya ɗaure shi da dabarun 386. Bugun farko bai wuce layi wajen 10,000 ba. Cikin 1992 ya sa shi ƙarƙashin sharaɗin GPL, aka haɗa zuciyarsa da kayan GNU, babbar manhaja mai 'yanci ta cika.

Muhawarar malami da ɗalibi

Cikin watan Janairu na 1992 wani shehun malami a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, Andrew Tanenbaum, ya soki aikin. Shi ne ya rubuta wata ƙaramar manhaja mai suna Minix cikin 1987 don koyar da ɗalibai, a kanta ma Torvalds ya koyi aiki. Malamin ya ce Linux tsohon yayi ce tun ran da aka haife ta, kuma babban kuskure ne a ɗaure manhaja ga 386, tun da yake waɗansu ƙwaƙwalen na tafe da za su ture ta. Torvalds ya amsa da zafi irin na ƙuruciya. Ya ce shi don na'urar da ke gabansa ya yi rubutu, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne manhajojin da aka yi domin Unix su iya aiki a kan tasa.

In muka duba da idon yau, kowannensu yana da rabin gaskiya. Zuriyar 386 ba ta mutu ba, har yanzu jikokinta ne a cikin mafi yawan kwamfutocin ofis. Amma da Linux ta tsaya a kansu kaɗai, da ba ta shiga wayar kowa ba.

Dashen farko wani mutumin Kanada ne ya yi shi, Hamish Macdonald, wajen 1993. Ya kai Linux kan kwamfutar Amiga mai ƙwaƙwalwar Motorola. Hanyar da ya bi ita ce ya kwafi rubutun duka, ya gyara nasa dabam. Aikin ya yi, amma akwai illa. Duk gyaran da aka yi a ɗaya sai an bi an yi a ɗayan, in an yi sake kuwa su rabu har su daina gane juna. Mu masu aikin akawu mun san wannan, gama in aka ajiye rajista biyu a kan abu guda, ba a shekara sai lissafinsu ya saɓa.

Cikin 1994 wani ma'aikacin kamfanin DEC, Jon Hall, ya sadu da Torvalds, ya yi ƙoƙari har kamfanin ya aika masa da na'ura mai ƙwaƙwalwar Alpha zuwa Helsinki. Alpha kuwa ta bambanta da 386 ƙwarai, domin tana ɗaukar lamba mai gurbi 64 a lokaci guda, 386 kuwa mai gurbi 32. Torvalds ya ƙi bin hanyar kwafi biyu. Ya sake shirin rubutun ya zama gida guda mai tsakar gida ɗaya, kowace irin ƙwaƙwalwa da ɗakinta. Abin da ya shafe su duka yana tsakar gida, abin da ya shafi ɗaya yana ɗakinta. Da Linux 2.0 ta fito cikin watan Yuni na 1996, tana aiki a kan iri da dama. Cikin 1997 kuma, mutumin da ya ce abinsa ba ya dasuwa, a kan dasuwar Linux ya rubuta kundin digirinsa na biyu.

A Ingila ma wani saurayi, Russell King, ya soma dasa ta cikin 1994 a kan kwamfutar Acorn mai ƙwaƙwalwar ARM. A lokacin ba wanda ya ɗauki aikin da girma. Amma ARM ba ta cin wuta da yawa, saboda haka masu ƙera wayar hannu suka rungume ta. Da wayar Android ta farko ta fito cikin 2008, a kan wannan dashe ta tsaya.

Riƙo ya fi dashe wuya

Dashe sau ɗaya a kan yi shi, ban ruwa kuwa kullum ne. Linux ba ta zauna wuri ɗaya ba. Kowane mako tara ko goma a kan fitar da sabon bugu. Mako biyu na fari a karɓi sababbin abubuwa, sauran makonni a yi ta gwaji da gyara. Mutum fiye da dubu ke sa hannu a kowane bugu, rubutun kuma ya haura layi miliyan 30. Ba mutum guda da zai iya duba wannan duka.

Saboda haka a cikin rubutun akwai wata doguwar rajista. An jera kowane sashe, da sunan mai riƙonsa, da halin da yake ciki. Wani sashe an rubuta ana biyan mai riƙonsa albashi. Wani akwai mai kula da shi don ra'ayin kansa. Wani sai jefi jefi a kan leƙa shi. Wani kuwa an rubuta masa kalma guda, wadda ma'anarta maraya, watau ba shi da kowa.

Me ya sa maraici ke da hatsari? In wani ya canja abu a tsakar gida, dole ya bi ɗaki ɗaki ya daidaita. In ya zo ɗakin da ba mai riƙo, ba shi da na'urar da zai gwada, ba kuma wanda zai tambaya. Sai ya yi gyara da ka, ya wuce. Shekara ta bi shekara, ɗakin ya lalace ba wanda ya sani, ga shi kuma yana ta cin lokacin mutane.

Yawan masu shigowa ma kan kawo tasa matsala. Cikin 2011 Torvalds ya yi fushi da ɗakin ARM, domin kowane kamfani da ya ƙera ɗan allonsa sai ya zo ya zuba rubutu nasa, mai kama da na maƙwabcinsa, har ɗakin ya cika da maimaici. Aka yi ta shawara, aka daidaita a kan abu biyu. Aka naɗa waɗansu mutane su riƙa tace abin da ke shiga ɗakin. Aka kuma ce bayanin jikin kowane allo a rubuta shi a takarda dabam, wadda zuciyar za ta karanta sa'ad da na'ura ke tashi. Da haka zuciya ɗaya ta iya hawa allo iri iri.

Waɗanda aka sallama

Daga nan sai magana mai ɗaci ta zo, watau wace na'ura za a ci gaba da ɗauka, wace za a ajiye. Cikin watan Disamba na 2012 aka kawo shawarar cire 386, ita da aka haifi Linux a kanta. Intel ya daina ƙera ta tun 2007, kuma ta rasa waɗansu umurnai da na bayanta ke da su, har kullum sai an yi mata zagaye na musamman. Torvalds ya karɓa, ya ce shi ba mai ƙulafucin tsohon abu ba ne. Linux 3.8 ta fito cikin 2013 ba ta.

Cikin 2018 wani Bajamushe daga cikin manyan masu riƙo, Arnd Bergmann, ya bi ɗakuna yana tambaya ko akwai mai amfani da su. Ya sami takwas da ba kowa, har waɗansu tafinta ma ya daina jin harshensu. Aka rushe su gaba ɗaya, layi fiye da 400,000 ya tafi. Sai kuma Itanium, wadda Intel da HP suka kashe dukiya mai yawa a kanta, suka fitar cikin 2001 da zaton ita za ta gaji duniya. Cikin 2021 aka rubuta mata maraya, cikin Janairu na 2024 aka cire ta.

Amma dubi abin al'ajabi. Ɗakin Motorola, na kwamfutocin Amiga da Atari waɗanda aka yi yayinsu wajen 1985, yana nan ran da aka rushe na Itanium. Dalili kuwa shi ne yana da mai riƙo, wani mutumin Beljiyam, Geert Uytterhoeven, shi da 'yan abokansa, waɗanda duk bugun da ya fito sai sun gwada sun gyara. Ashe tsufan na'ura ko tsadarta ba su ake dubawa ba, a kan duba ko akwai mai amsawa in an yi sallama.

Masu son a riƙe tsofaffin na'urori suna da hujja biyu. Ta fari, ba kowa ke da kuɗin sabuwa ba. Ta biyu kuwa ta fi zurfi. Waɗansu ƙwaƙwale kan ajiye lamba su fara da babban gefe, kamar Motorola, waɗansu su fara da ƙarami, kamar Intel, sai ka ce boko da ajami, wannan daga hagu wancan daga dama. Mai rubutu da bai san kome ba sai Intel ya kan yi kuskure bai sani ba, sai an kai rubutun kan na'ura mai ɗaya tsarin kuskuren ya fito. Watau baƙuwar na'ura kan tona aibin da ke ɓoye. Masu son a rage kuma suka ce hannuwa kaɗan ne, lokacin da aka ɓata a kan na'urar mutum goma an ɗebe shi ne daga ta mutum miliyan.

Ƙungiyar Debian, wadda Ian Murdock ya kafa cikin 1993 don haɗa Linux da dubban manhajoji a ba jama'a, ita ta mai da abin ƙa'ida. Ba a sa wata irin na'ura cikin bugu sai tana da mutanen da suka ɗauki alkawarin riƙonta, da na'urorin da za a riƙa gwaji a kansu. A bugunta na 13, cikin Agusta 2025, ta daina ba da hanyar ɗora ta a kan tsofaffin kwamfutocin Intel masu gurbi 32, ta kuma karɓi sabuwar iri mai suna RISC-V. Wannan ya shafi duk mai tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo irin waccan, ko a ina yake.

Ran da bango ya tsage

Akwai abin da ya fi rushe ɗaki muni, shi ne mai riƙo ya gaji alhali jama'a na dogara gare shi. Akwai wata 'yar manhaja mai suna xz, aikinta matse rubutu ya ƙanƙance, kuma kusan kowace Linux tana ɗauke da ita. Mutum ɗaya ne ya riƙe ta shekara da shekaru, ba albashi. Cikin 2021 wani ya ɓullo da sunan da ba a san mai shi ba, ya yi ta taimako da ladabi. Waɗansu kuma suka riƙa matsa wa mai riƙon, suna cewa aiki ba ya sauri, ya nemi mataimaki. Da ya gaji, sai ya ba baƙon amana.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan fiye da shekara biyu, baƙon ya dasa wata ɓoyayyiyar ƙofa a cikin manhajar, wadda da ta bazu, da ya iya shiga kwamfutoci masu yawan gaske ba da izini ba. Cikin watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura na'urarsa na yin jinkirin wajen rabin daƙiƙa in za a shiga ta daga nesa. Bai yi banza da abin ba, ya bi sawu har ya gano ƙofar, ya yi shela, aka toshe tun ba ta kai ga mafi yawan jama'a ba. Buɗaɗɗen rubutu shi ya ba shi ikon bincike, amma rashin mataimaka na gari shi ya ba ɓarawo hanya.

To, jama'a, kada mu ɗauka wannan labarin mutanen nesa ne kurum. In ka buɗe jerin harsuna na allon rubutu a Linux, za ka tarar da Hausa ta Nijeriya da Hausa ta Gana, inda aka shirya wurin ɓ da ɗ da ƙ. Wani ne ya zauna ya rubuta wannan ya aika, wani kuma ya duba ya karɓa. Ƙofar da suka bi a buɗe take, ba a tambayar mutum garinsu ko takardar makarantarsa, aikinsa kaɗai a kan duba. Wanda ya iya karatu da rubutu ya riga ya taka matakin fari. In yaranmu suka koyi wannan sana'a, sai mu gaya musu su nemi sashen da aka rubuta wa maraya a rajista, su sa sunansu, su kuma riƙa amsawa duk ran da aka kira.